Tabar Siga: Abin Da Ke Sa Ganye Ya Yi Tsada Da Darasin Da Ke Ciki Ga 'Yan Kasuwar Nijeriya

SHEDA, Abuja — A kantunan wasu manyan otal-otal na Abuja da Legas, da kuma shagunan filayen jiragen sama na ƙasashen waje, akan ga waɗansu 'yan akwatunan katako a bayan gilashi, kowanne ɗauke da karan taba masu kauri, launin ƙasa-ƙasa, an ɗaura wa kowanne zoben takarda mai ruwan zinariya. Wannan ita ce tabar siga, wato tabar da ake naɗewa da hannu cikin ganyenta, ba tare da takarda ko audugar tacewa ba. Kuɗin kara ɗaya daga cikin masu suna yakan kai na kwalin sigari goma, wani ma ya ninka haka sau da yawa.

Abin da zai ja hankalin ɗan kasuwa shi ne, ganyen da ake wannan tsada da shi dangi ɗaya ne da wanda manoma suka daɗe suna nomawa a fadamun Sakkwato da Katsina da Zariya da kwarin Gulbin Maraɗi. Bambancin farashin ya samo asali ne daga abubuwa huɗu: zaɓaɓɓen iri a ƙasar da ta dace da shi, dogon lokacin da ake bai wa ganye, gwanintar hannu, da kuma sunan da doka ke karewa. Waɗannan abubuwa huɗu ba a taba kaɗai suke aiki ba. Garin Sheda da ke Ƙaramar Hukumar Kwali, a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, inda gwamnatin tarayya ta ajiye hukumar kula da irin shuka da cibiyar binciken kimiyya, wuri ne da ya dace a yi wannan nazari.

Ciki Da Ɗamara Da Riga

Kowane karan siga na ƙwarai sassa uku gare shi. Na farko shi ne ciki, wato dogayen ganyaye biyu zuwa huɗu da ake lanƙwasawa a jera su daga wannan baki zuwa wancan, a bar 'yan hanyoyin da hayaƙi zai bi. Na biyu shi ne ɗamara, ganye mai ƙwari da ake ɗaure cikin da shi. Na uku kuwa riga, ganye guda mai laushi da sheƙi, wanda ido ke fara gani, shi ne kuma ya fi kowanne tsada. A nan aka bambanta da siga mai araha ta inji, wadda ake cika ta da yankakken ganye, sau da yawa kuma a ɗaure ta da wata takarda da aka yi da niƙaƙƙiyar taba.

Ganyayen cikin ma ba ɗaya suke ba, domin kowane yana da aikinsa gwargwadon inda ya fito a jikin tsiro. Mutanen Kuba suna kiran na ƙasa "volado". Ba shi da ƙarfi sosai, amma shi ke sa wuta ta ci. Na tsakiya shi ne "seco", wanda ke ba da ƙamshi. Na sama, wanda ya fi shan rana, ana ce masa "ligero". Ya fi kauri da maiƙo da ƙarfi, yana kuma jinkirin ƙonewa, shi ya sa ake sa shi can tsakiyar kara. Yawan abin da za a ɗiba daga kowane iri sirri ne na kamfani, kuma akwai gwanin haɗi wanda ba ya da aikin da ya wuce tabbatar da cewa ɗanɗanon bana bai saɓa wa na bara ba, ko da daminar bana ta saɓa wa ta bara.

Kayan aikin mai naɗi ba su da yawa: allon katako, da wata wuƙa mai faɗi marar ƙota, da mayanki, da ɗan danƙon itace dangin ƙaro marar ɗanɗano, sai matsin katako mai ramuka inda ake danne karan har ya ɗauki siffa kafin a sa masa riga. Gwani yakan naɗe tsakanin kara 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girma da wuyar siffar, alhali injin sigari na zamani yana fitar da dubbai a cikin minti ɗaya. Wannan tazara kaɗai ta isa ta bayyana wani kaso mai yawa na farashin.

Girman kara yana da ma'auni na musamman. Ana auna tsawo da inci, kauri kuma ana raba inci ɗaya gida 64. Siffar da ake kira Robusto takan kai kimanin inci 5 da kauri 50, Corona kimanin inci 5 da rabi da kauri 42, Churchill kuwa, wadda ta ci sunan tsohon Firayim Ministan Ingila, inci 7 da kauri 47. A bisa al'ada akwati ɗaya kara 25 yake ɗauka, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne zaɓen karan da launinsu ya zo ɗaya, ya jera su daga mai duhu zuwa mai haske.

Jarin Da Ke Kwance Shekaru

Kafin ganye ya iso hannun mai naɗi ya sha doguwar tafiya. A yankin Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río a yammacin Kuba, wanda ya fi ko'ina suna a wannan sana'a, ana dasa taba ne bayan damina. Wadda za a yi riga da ita ana noma ta a ƙarƙashin rumfar ƙyalle mai shara-shara kamar gidan sauro, domin inuwa ta sa ganyen ya yi faɗi da laushi, jijiyoyinsa su yi sirara. Ta ciki kuwa a rana take girma. Ba a girbe ta lokaci ɗaya. Ana tsinkar ganye biyu ko uku daga ƙasa, a dakata 'yan kwanaki, a dawo a ɗebi na sama da su.

Daga nan sai a ɗinke ganyayen bibbiyu, a rataye su a jikin sanduna cikin ɗakunan shanya na katako, inda iska kaɗai ke busar da su har wajen kwana 50, su juye daga kore zuwa ruwan ƙasa. Sa'an nan a tara su tsibi-tsibi a rufe, su yi zafi da gumin kansu, kamar yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa. Wannan gumi shi ke fitar da kaifi da warin da ke cikin ɗanyen ganye, ya rage masa ɗaci. Ana lura da zafin tsibin da ma'auni. Idan ya yi yawa sai a wargaza a sake jerawa, don kada ganyen ya ƙone. Bayan an zare jijiyar tsakiya an ware kowane ganye bisa girma da launi, na ciki yakan sake shiga gumi na biyu. Daga ƙarshe a ɗaure a ajiye a sito: mai sauƙi ya yi kamar shekara guda, mai ƙarfi kuwa shekara biyu ko fiye.

A idon masanin tattalin arziki, ma'anar wannan ita ce kuɗin da aka kashe a gona bana ba zai dawo ba sai bayan shekara biyu ko uku. Duk wanda zai shiga sana'ar sai yana da jarin da zai iya kwanciya a sito tsawon wannan lokaci, da kuma amanar da za ta hana shi fitar da ganye kafin ya nuna idan kasuwa ta yi zafi. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A wannan sana'a haƙurin shi ne hajar da ake sayarwa.

Ɗanɗano Da Cin Wuta

Masu sayen siga suna auna ta ne da abubuwa kaɗan sanannu. Na farko shi ne zuƙa: idan an cusa ganye da yawa hayaƙi ba zai fito ba, idan kuma an yi sako-sako sai ta ci wuta da sauri, ta yi zafi da ɗaci. Shi ya sa manyan masana'antu ke da injin da ke gwada yadda iska ke ratsa kara kafin a sa masa riga. Na biyu shi ne cin wuta: ana son wutar ta zagaye daidai, kada gefe ɗaya ya riga ɗaya. Na uku toka: idan ta yi ƙwari ta daɗe ba ta faɗi ba, alama ce ta dogon ganye da kyakkyawan naɗi.

Game da ɗanɗano kuwa, ba a zuba wa siga ta ƙwarai turare ko zaƙi. Abin da ake ji daga ganyen yake fitowa. Masana suna kwatanta shi da abubuwan da hanci ya sani, kamar ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ko na jemammiyar fata, ko gahawa, ko koko, ko soyayyar gyaɗa, ko yajin masoro. Ƙasar da aka yi noman ita ke da babban tasiri. Tabar Estelí a Nikaraguwa, inda ƙasar ke da baƙi da nauyi, an san ta da ƙarfi da yaji, ta kwarin Jalapa kuwa ta fi ta laushi da zaƙi. Ta kwarin Cibao a Jamhuriyar Dominika ta yi suna wajen sauƙi, haka kuma rigar inuwa ta jihar Connecticut a Amurka, mai launin zuma. Riga mai duhu da ake kira "maduro", wadda ta fi daɗewa cikin gumi, takan ba da ɗan zaƙi-zaƙi, kuma duhun riga ba lallai ne ya nuna ƙarfin kara ba, domin ƙarfi daga ciki yake fitowa.

Har ila yau ɗanɗanon yana canjawa yayin da karan ke ƙonewa, ya fara da sauƙi, ya yi ta nauyi zuwa ƙarshe, saboda maiƙon hayaƙin yana taruwa a sauran ganyen. Kara mai kauri ya fi siriri sanyin hayaƙi. Robusto takan ɗauki wajen minti 45, Churchill kuwa fiye da awa guda. Mashayanta ba su haɗiye hayaƙin, a baki suke riƙe shi su fesar, kuma wannan ne ya sa wasu ke zaton ba ta da illa, zaton da likitoci suka ƙaryata, kamar yadda bayani zai zo.

Yadda Kasuwar Ta Rarrabu

Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce Kuba ce ke riƙe da kambin wannan kasuwa, da sunaye irin su Partagás na 1845, da Romeo y Julieta na 1875, da Montecristo na 1935. Bayan juyin juya halin 1959, gwamnatin Fidel Castro ta mayar da masana'antun mallakar ƙasa a 1960, sa'an nan a watan Fabrairu na 1962 Shugaba John Kennedy na Amurka ya ƙaƙaba wa Kuba takunkumin ciniki. Iyalan da suka mallaki masana'antun suka yi hijira da irinsu da iliminsu zuwa Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaraguwa. Takunkumin da aka sa don a karya Kuba shi ya haifar mata da abokan gasa.

Shekarun 1990 sun zo da wani darasi. Bayan fitowar mujallar Cigar Aficionado a 1992, sha'awar siga ta bunƙasa a Amurka, har yawan karan naɗin hannu da ake shigarwa ƙasar ya tashi daga kimanin miliyan 100 a shekara zuwa sama da miliyan 400 a 1997. Sababbin kamfanoni suka yi ta ɓullowa, ana naɗe ganyen da bai nuna ba, ana ɗaukar masu naɗin da ba su ƙware ba. Da kasuwar ta faɗi a 1998, akasarin waɗannan 'yan ci-rani suka karye, aka bar waɗanda suka riƙe ingancinsu. Sai a 2021 aka sake wuce adadin 1997, kuma a 2022 an shigar da fiye da kara miliyan 460, Nikaraguwa ce ke da fiye da rabi.

Ita kuwa Kuba, ta kafa kamfanin Habanos a 1994 don sayar da sigarta a duniya, ta kuma yi wa sunan "Habano" da sunayen yankunan nomanta rajista, ta yadda ba wanda zai iya amfani da su sai wanda ya yi noma ya kuma naɗe a can. A 2022 kamfanin ya ninka farashin manyan sunayensa irin su Cohiba, a shekarar da guguwar Ian ta rushe dubban ɗakunan shanya a Pinar del Río. Duk da ƙarancin kaya, cinikin kamfanin ya kai Dala miliyan 721 a 2023, ya kuma hau zuwa Dala miliyan 827 a 2024, ƙasar Sin ce kan gaba wajen saye. Wato dai mai suna yana iya rage kaya ya ƙara kuɗi, abin da mai sayar da ɗanyen amfanin gona ba ya iyawa.

Rigar Da Ta Fito Daga Maƙwabta

Ba kowa ya san cewa ɗaya daga cikin rigunan siga mafiya daraja a duniya daga maƙwabciyar Nijeriya take fitowa ba. A gabashin Kamaru, wajen Batouri, da kuma yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙananan manoma suna noma wata taba da asalin irinta daga tsibirin Sumatra ne. Ba a yi mata rumfa, domin gajimaren yankin ya wadatar. Ganyen ƙarami ne, siriri, mai 'yan ƙuraje a jiki, yana da wuyar naɗi saboda saurin yagewa, amma yana ba da zaƙi da ɗan yaji da babu irinsa. Bayan takunkumin 1962, masu masana'antun da suka rasa rigar Kuba sun koma kanta, kuma kamfanin Arturo Fuente na Jamhuriyar Dominika ya gina sunan wasu manyan sigoginsa, irin su Don Carlos da Hemingway, a kan wannan riga.

Sai dai shekara da shekaru kamfanin taba na gwamnatin Faransa, wato SEITA, shi ke riƙe da harkar, ana kuma cinikin ganyen a birnin Paris. Da Faransawa suka janye a farkon shekarun 1990 noman ya kusa mutuwa, sai da iyalin Meerapfel, dillalan taba na ƙasar Beljiyam, suka kafa kamfani suka farfaɗo da shi. Abin lura a nan shi ne, ƙasar da manoman na Afirka ne, amma tacewa da ajiya da naɗi da suna, inda ribar take, duk a waje suke. Sai a 'yan shekarun nan aka ga ƙoƙarin naɗe siga a nahiyar, kamar kamfanin Bongani da aka kafa a Maputo ta Mozambik a 2016, da Mosi-oa-Tunya a Harare ta Zimbabuwe.

Inda Nijeriya Ta Tsaya

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun farkon ƙarni na 17 malaman Timbuktu da Maroko suke muhawara a kan hukuncinta. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ambaci gonakin taba da ya gani a hanyarsa daga Katsina zuwa Kano a 1851. Ana shan ta a lofe, ana niƙa ta da kanwa a yi taba gari, mata kuma suna goga furenta a haƙori tare da goro.

Noman zamani kuwa da kamfanin sigari ya zo. Kamfanin Taba na Nijeriya, wato NTC, wanda reshe ne na British American Tobacco, ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, bayan ta Ibadan da ta Fatakwal. Yana bai wa manoma iri da taki bashi, ya saye ganyen a farashin da shi ya yanka. A Arewa akasari tabar shanyar iska ake nomawa a fadamu da rani, a ƙasar Oyo kuwa ta gashin wuta. Duk ganyen sigari ne, mai saye ɗaya ne, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan gonar da ya fito.

Da tattalin arziki ya tsuke bayan shirin gyaran 1986, ga kuma sigarin waje da ake fasa-ƙwaurinsa ta iyakar Nijar da Binin, sai kamfanin ya yi rauni. A 2001 British American Tobacco ya ƙulla yarjejeniyar zuba jarin Dala miliyan 150 da gwamnatin tarayya, ya buɗe sabuwar masana'anta a Ibadan a 2003. Manomin Arewa da ya dogara ga mai saye guda, da mai sayen ya juya baya, bai da wata kasuwa da ta san ganyensa.

Abin Da Mai Shigo Da Kaya Zai Duba

Ga ɗan kasuwar da ke tunanin shigo da siga don manyan otal-otal da baƙi 'yan ƙasashen waje, akwai matsaloli huɗu da ya kamata ya auna.

Ta farko ita ce ajiya. Siga tana buƙatar laima kimanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyin da bai wuce digiri 21 ba. Shi ya sa ake ajiye ta a akwati na musamman da aka shafe cikinsa da wani katako mai ƙamshi dangin maɗaci. Yanayin Abuja abokin gaba ne ta fuska biyu: da hunturu iska takan bushe har riga ta tsage, da damina kuwa laima takan yi yawa har fumfuna ta kama. Idan zafi ya yi yawa ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke cikin ganyen yakan ƙyanƙyashe, ya huda kara ya bi na kusa da shi, har akwati ya tashi a banza. Manyan masana'antu sukan daskarar da kayansu kafin fitarwa saboda wannan ƙwaro. Duk wanda ba shi da tsayayyar wutar lantarki, jarinsa yana cikin haɗari.

Ta biyu jabu. Sunayen Kuba, musamman Cohiba, suna cikin kayan da aka fi yi wa jabu a duniya. Akwatin gaske yana ɗauke da hatimin gwamnati mai lambar da ake iya tantancewa, kuma araha mai yawa ita ce alamar farko ta algus.

Ta uku canjin kuɗi. Da Dala ake sayen kayan, kuma bayan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ɗaya ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Hajar da ke jinkirin fita daga kanti ita ta fi shan wahalar irin wannan sauyi.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce doka da lafiya. Tun da Dokar Soja mai lamba 20 ta 1990 aka fara hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005. Dokar 2015 ta hana talla da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ƙa'idojin 2019 kuma suka wajabta lasisi ga masu sarrafawa da masu shigowa da masu rarrabawa, tare da hoton gargaɗi a jikin kwali. An kuma ƙara wa taba haraji tun daga 2018. Dalilin a bayyane yake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Babban karan siga ɗaya yana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda, sinadarin nikotin kuma yana shiga jini ta fatar baki ko ba a haɗiye hayaƙin ba. Bincike ya tabbatar da alaƙarta da ciwon dajin baki da maƙogwaro da maƙoshi. Tsadarta ba ta rage mata illa ko kaɗan ba. Bugu da ƙari, malamai da yawa na wannan zamani suna ganin haramcinta, wasu kuma karhanci, abin da ke taƙaita kasuwarta a Arewa.

Darasin Da Ke Sheda

Idan aka haɗa waɗannan duka, ba za a ce noman tabar siga hanya ce mai ɓullewa ga manomin Nijeriya ba, ganin yadda duniya ke ƙara tsuke wa taba wuya. Abin ɗauka shi ne dabarar, a kai ta kan citta ta Kudancin Kaduna, da zoɓon Jigawa, da riɗin Nasarawa da Binuwai, da ƙaron Yobe da Barno, waɗanda akasari a buhu ake fitar da su ba suna ba daraja.

Dukkan ginshiƙan dabarar suna da wakili a Sheda da kewayenta. Game da iri, a nan hedkwatar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa take. Kuba ba ta tsira daga cutar fumfunar da ta cinye mata amfanin 1980 ba sai da masu bincikenta suka fitar da sababbin iri masu jure cuta, irin su Criollo 98 da Corojo 99. Manoman cittar da annoba ta cinye wa gonaki a Kudancin Kaduna a 2023 irin wannan aiki suke buƙata. Game da ajiya, Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wadda aka kafa a 1993, tana da ɗakunan gwajin sinadarai da na kimiyyar halittu, kuma a harabar ne aka gina na'urar haska amfanin gona da hasken gama, mai kashe ƙwari da ƙwansu ba tare da feshin magani ba. Muhimmancin wannan ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa.

Game da hannu da suna kuwa, ba sai an je Kuba neman misali ba. Ladi Kwali, 'yar wannan yanki ce, da yumɓun da kowace mace ke gina tukunya da shi ta fara. Ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta haɗa zanen gargajiya da gashin zamani, har aka baje kolin tukwanenta a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma ya hau takardar Naira 20. Maƙwabta ma sun kama hanyar: Kamaru ta yi wa masoron Penja rajistar suna a 2013, Nijar kuma ta nemi irin wannan kariya ga albasar Galmi da kilishinta.

Saura da me? Saura 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma su yarda su ware kaya daraja-daraja, su biya manomi ƙarin kuɗi a kan mai kyau, su nemi bankunan da za su ba da rancen da zai jira kaya a sito, su kuma matsa wa hukuma ta kare sunayen yankunan da amfanin ke fitowa. Har zuwa lokacin da za a yi haka, buhun cittar Kachia zai ci gaba da fita ta tashar Apapa a farashin da mai saye ya ga dama, a sarrafa shi a wata ƙasa, ya dawo kantunan Abuja cikin kwalba da sunan wani.